Ranar da Habila Ya Gyara Injinsa

Akwai wani mutum mai injin niƙa a wani babban ƙauye da kasuwarsa take ci ranar Laraba. Sunansa Habila, amma ba mai kiransa haka sai fasto, kowa Baba Mai Inji yake ce masa. Mutum ne mai fara'a, ga surutu kamar an ba shi kwangilarsa. Tun da safe har rana ta yi sanyi yana tsaye gaban injin nan, gari ya rufe shi fari fat tun daga gira har yatsun ƙafa, yana ɗaga wa mata murya, mata suna ɗaga masa, domin a gidan niƙa ba a gaisuwa a hankali. Abinci bai taɓa yankewa a gidansa ba, matarsa Briskila tana nan lafiya, 'ya'yansu sun yi aure. In aka ce masa, "Yaya aiki?" sai ya ce, "Da godiya," kuma har cikin zuciyarsa yake faɗa.

Injin kuwa ya tsufa. Murfinsa ba ya rufuwa daidai, a bakin da gari yake fitowa kuma Habila ya ɗaura ƙafar wani tsohon wandonsa, don gari ya bi ta ciki ya sauka a daro. To, wandon nan tun yana jikin mai shi ya huje, balle yanzu. Duk wadda ta kawo niƙa sai ɗan wani abu ya tsiyaye a ƙasa, na dawa, na masara, na gero, na rogo, duk su haɗu a daɓe. Kafin yamma ƙasan ɗakin ya yi fari tas.

Wata rana bayan wucewar damina, sai ga wata mace ta zo da tsintsiya a hannu. Zaninta ya koɗe, amma wankakke ne. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce sunanta Afiniki, sa'an nan ta ce, "Baba, in ba damuwa, in riƙa share maka ɗakin nan da yamma. Sharar nake so, saboda kajina."

Habila ya yi dariya har gari ya kaɗe daga gemunsa. Ya ce, "Shara kyauta, kuma a kwashe mini ita? 'Yata, ai ko yau ki fara."

Haka Afiniki ta riƙa zuwa kullum. Ta share lungu-lungu, ta tattara a ƙullin zani, ta yi godiya ta tafi. Shi kuwa ba ya barinta ta wuce sai ya tsokane ta. "Yaya kajin? Ba su fara ƙwai ba? Kada fa a manta da mai inji!" Ita kuma ta yi murmushi ta ce, "Suna nan, Baba."

To, ku buɗe kunnuwanku, domin abin da Habila bai sani ba zan faɗa muku tun yanzu. Afiniki ba ta da kaza ko ta magani. Mijinta ya rasu tun da daɗewa, a daminar da ta wuce kuma kogi ya cinye gidan mahaifinta da gonarsa a wani ƙauye can ƙetare. Ta kamo hannun tsohon suka taho, suka raɓe a wani kango bayan kasuwa, tsohon ɗakin ajiyar auduga wanda rabin rufinsa ya tafi. Akwai waɗansu mutum biyar a ciki, su ma ruwan ne ya koro su. Sharar nan ita Afiniki take tankaɗewa da rariya har sau uku don ta rage ƙasa, ta tuƙa tuwo, mutum bakwai su ci sau ɗaya a yini. Ba sa roƙo. Manoma ne, jiya-jiyan nan su ne masu ɗiba daga rumbu su ba wani, bakinsu bai iya cewa "a taimaka" ba. Abincin mutum bakwai ke nan yana rataye a hujin tsohon wando.

Akwai kuma wata dattijuwa mai suna Mama Saraya, shugabar zumuntar mata a coci, mai tuyar ƙosai a kasuwa. Mace ce mai hannun kyauta, amma bakinta, kai, Allah ya kiyashe ku. Wata rana ta ɗaga daronta ta duba, ta ce, "Baba Mai Inji, mudu huɗu na kawo, dubi abin da ya fito! Ko wandon nan naka shi ma tuwo yake ci?"

Mata suka kwashe da dariya, har da Habila. Amma maganar ta tsaya masa a rai, gama shi mutum ne mai tsoron Allah, kuma ya san gaskiya ta faɗa. Hakkin mutane ne yake zuba a ƙasa. Sai ya kira mai walda ya daidaita murfin, Briskila kuma ta ɗinka masa sabon mazubi da yadi mai kauri, aka cire wandon aka jefa bayan ƙofa. Da aka tayar da inji, ko ƙurar kirki ba ta sauka ƙasa ba. Mata suka yi ta sa masa albarka. Mama Saraya ma ta ce, "Yau dai ka yi abin kai." Habila ya yini baki har kunne.

Da yamma Afiniki ta zo ta share. Abin da ta tara bai cika tafin hannu ba. Habila ya ce mata cikin murna, "Kin ga na rage miki aiki!"

Ta dubi sabon mazubin, ta dubi daɓen, ta ce, "Allah ya ƙara albarka, Baba."

Kashegari ta dawo, jibi ma ta dawo. Rana ta huɗu har bango ta kakkaɓe, ta sa tsintsiya ta goge saman taga da jikin katakon rufi. Rana ta biyar tana cikin shara sai ta dafa bango, ta zauna a ƙasa. Habila ya ce, "Lafiya?" Ta ce jiri ne kawai, zai wuce. Ya ba ta ruwa, ya ce ta nemi maganin zazzaɓi. Bayan ta tafi sai wani tunani ya zo masa, ya ce a ransa, "Af! Na gyara inji na manta da kajin baiwar Allahn nan." Ku ji fa, kaji ya tuna.

Ranar Alhamis ba a cika kawo niƙa ba. Da hantsi Habila ya ɗaura rabin buhun dusa a bayan kekensa, ya fita neman gidan Afiniki. Ya tambayi mai shayi, ya ce ya san ta a fuska amma bai san gidansu ba. Ya tambayi matan bakin rijiya, kowacce ta ce ai tana tsammani a unguwar ɗayar take. Wata bakwai mace tana yawo a cikinsu, suna amsa gaisuwarta, ba wanda ya san inda take sa haƙarƙarinta. Daga ƙarshe wani mahauci ne ya ce yakan ga ta bi ta bayan katangar kasuwa.

Habila ya tura keke ya zagaya. Ya tarar da kangon, an tare gefen da ba rufi da tsofaffin buhuna da kara. Ga murhu na duwatsu uku, tokarsa ta yi sanyi, ga tukunya a kife, ga rariya rataye a ƙusa. Ya duba ko'ina, babu akurki, babu ko gashin kaza. A bakin ƙofa wani tsoho yana zaune yana tufka igiya, waɗansu kuma suna kwance daga ciki, ba mai ƙarfin magana.

Suka gaisa. Tsohon ya dubi farin da ke gashin Habila, ya ce, "Kai ne mai injin da 'yata take yi wa aiki? Sannu, sannu. Allah ya sāka maka. Garin da kake sallamarta da shi, shi ne yake riƙe da mu duka. Akwai ɗan ƙasa-ƙasa a ciki, amma haƙoran da zan ji da su ma saura nawa?" Ya yi 'yar dariya. Sa'an nan ya ce, "Ta ce mini injin ya lalace kwana biyar ke nan. Allah ya sa a samu gyara."

Kunya ta kama Habila, tausayi ya kama shi, ya rasa inda zai ɓoye buhun dusar da ke bayan kekensa.

Ana cikin haka sai ga Afiniki ta dawo da ganyen tafasa a bakin zani. Ta ga Habila, ta ga dusar, ta gane komai. Ta ja shi gefe ta durƙusa ta ce, "Baba, na yi maka ƙarya, ka gafarce ni. Amma don Allah ka rufa mini asiri. Kada sunana ya fita."

Ya ce, "Tashi, 'yata. Daga bakina ba za a ji sunanki ba."

Ranar nan bai zauna ba sai da ya kai musu gari daga gidansa, da kuka, da daddawa, da manja. Aka hura wuta a murhun nan, suka ci suka ƙoshi. Amma Habila ya san gida ɗaya ba zai riƙe mutum bakwai har kaka ba. Ga shi kuma bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, kangon nan kuwa ba zai tare ko yayyafi ba.

Ya koma gida ya zayyana wa matarsa, bai faɗi suna ba. Sa'an nan ya ce, "Na san abin da zan yi. Wandon nan yana bayan ƙofa. Gobe zan mayar da shi, in ƙara masa huji biyu."

Briskila ta ajiye muciya ta dube shi. Ta ce, "Maigida, ka ji kanka kuwa? Da can ba ka sani ba, kuskure ne. Yanzu in ka huda da hannunka, sata ce. Garin mutane ne. Ka tambayi masu shi mana."

Ya ce, "In sun ƙi fa?"

Ta ce, "Ka tambaye su ne suka ƙi?"

Ranar Talata, jajiberin kasuwa, ita ce ranar da layi ya fi tsawo. Daruka tun daga bakin inji har waje. Ana tsakiyar niƙa sai Habila ya miƙa hannu ya kashe injin. Wuri ya yi tsit, har ana jin kukan kurciya a kan rufi. Mata suka fara tambaya, "Mai ne ya ƙare?"

Ya ce, "Mai bai ƙare ba. Magana gare ni. Iyayena mata, wata bakwai kuna ciyar da mutum bakwai a ƙauyen nan ba ku sani ba. Garinku da yake zuba a ƙasa, shi suke ci. Na gyara inji, na yanke musu abinci. Ba su da gida, ga damina tana zuwa. Roƙona shi ne, abin da dā yake zuba ba da saninku ba, yanzu ku ba da shi da saninku."

Mama Saraya ta gyara ɗaurin zani. Ta ce, "A ƙauyen nan? Haba, Baba Mai Inji! Shekara arba'in ina nan. Mu da muke tara hatsi kowace kaka muna aikawa can nesa inda ake yunwa? In da akwai mai kwana da yunwa a nan, ai ni zan fara sani. Su wane ne? Faɗi sunansu mu ji."

Habila ya ce, "Ba zan iya faɗa ba."

Wata daga baya ta ce, "Ko dai an gyara inji ne an rasa na tuwo a gida?" Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Habila ya tsaya, gumi yana tsaga farin da ke fuskarsa. In ya faɗi suna ya karya alkawari, in ya yi shiru mutum bakwai sun rasa. Ya sunkuyar da kai, bai faɗi sunan ba.

Ashe Afiniki tana bakin ƙofa da tsintsiyarta, ta ji komai. Ta ga yadda ake yi wa dattijon nan dariya saboda ita. Sai ta jingine tsintsiyar a bango, ta shigo tsakiyar mata, ta ce, "Ni ce, Mama."

Mama Saraya ta juya. "Ke? Ke da kike zama a bayana a sujada? Ke da na ce muryarki tana da daɗi?"

"Ni ce, Mama. Da mahaifina, da waɗansu biyar."

"A ina kuke kwana?"

"A kangon auduga, bayan kasuwa."

"Bayan rumfata ke nan fa."

Afiniki ta ce, "Katanga ɗaya ce tsakaninmu, Mama. Mukan ji ƙamshin ƙosanki."

Hawaye ya zubo wa Mama Saraya, ba ta ko share ba. Can ta kama hannun Afiniki ta ce, "Wuce mu je in gani da idona." Suka fita, mata suka bi su duu, aka bar Habila shi kaɗai da daruka talatin da inji a kashe.

Abin da suka gani ya ishe su. Kafin ruwan farko ya sauka, ba wanda ya rage a kangon nan. Mama Saraya tana da wani ɗaki da ta cika da fasassun tukwane da kujeru marasa ƙafa, wai za a gyara wata rana. Ta sa aka kwashe su, aka share, Afiniki da mahaifinta suka shiga. Sauran biyar ɗin ma gidaje uku suka raba su. Wani dattijo ya ba su aron gona a bakin fadama. Tsohon nan ya ci gaba da tufkar igiyarsa, ranar Laraba ya baza ta kusa da kaskon ƙosai, masu awaki suna saye. Afiniki kuwa ita take wanke wake da tankaɗe a gidan Mama Saraya, suna ci tukunya ɗaya.

A gidan niƙa kuma aka ajiye wani babban daro a bayan zana, gefen ƙofa. Duk wadda aka gama wa niƙa takan zagaya ta zuba tafi ɗaya. Wadda gidanta ya yi ƙunci ita ma takan zagaya ta ɗiba. Daga waje ba ka sanin wadda ta zuba da wadda ta ɗiba, kowa da daronta take shiga, da shi take fitowa. Abin da ya ba Habila mamaki shi ne, daron nan yakan ragu fiye da cin mutum bakwai. Ashe ba su kaɗai ba ne. Bai tambayi kowa ba, ya dai ci gaba da niƙansa da surutunsa, Mama Saraya kuma ta ci gaba da yi masa faɗa a kan cewa garinta bai yi laushi ba.

To, ga ma'anar wannan misali, ga duk mai kunnen ji.

Habila ba mugu ba ne, gyaran da ya yi kuma daidai ne. Ba wanda zai ce a bar hakkin mutane yana zuba a ƙasa. Abin da ya rasa shi ne, wata bakwai yana wasa da dariya da mace mai jin yunwa, bai taɓa tsayawa ya dube ta da kyau ba. Haka yawancinmu muke. Muna da kirki, muna da fara'a, hankalinmu kwance, amma idonmu yana kan aikinmu kaɗai. Mukan canja wani ɗan abu a gida ko a gona ko a shago, mu ce mun yi gyara, ba mu san wani yana rayuwa a kan abin da muka toshe ba.

Garin da yake zuba a ƙasa shi ne alherin da yake kuɓuce mana ba da niyya ba, ragowar tuwo, tsohuwar riga, abin da muka gaji da shi. Allah cikin jinƙansa yakan ciyar da bayinsa ko da wannan. Amma ba shi ne abin da yake nema a wurin 'ya'yansa ba. Yana so mu sani, mu gani, sa'an nan mu ɗiba da hannunmu daga abin da yake mai kyau. Ku tuna kuma da maganar Briskila. Ba a yin alheri da kayan wani a ɓoye. A faɗa wa jama'a gaskiya, gama sau da yawa mutane ba rowa ce ta hana su ba, rashin sani ne.

Mama Saraya kuwa, kada kowa ya yi mata dariya, domin mu ne. Mun iya tara hatsi mu aika inda ba mu taɓa zuwa ba, wannan kuwa abu ne mai kyau, kada a daina. Amma yunwar da take nesa tana da sauƙin tausayawa, ba ta san sunanmu ba, ba za ta shigo ɗakinmu ba. Ta bayan katanga ita ce mai wuyar gani, don mun riga mun gaya wa kanmu cewa a wurinmu babu irin wannan.

Ku lura kuma, mai yunwa ba kullum yake miƙa hannu ba. Sau da yawa wankakken zani gare shi, yana gaisuwa da ladabi, in ka ce ya zo ku ci sai ya ce ya ƙoshi. In Allah ya nuna muku irin wannan, ku riƙe asirinsa yadda Habila ya riƙe, ko da za a yi muku dariya. Shi ne mai ikon faɗin sunansa, ba ku ba. Kada kuma ku bari sai ya tsaya a tsakiyar jama'a ya ce "ni ne" kafin ku yarda. Afiniki ta yi haka, amma Allah ne kaɗai ya san nauyin da ta ɗauka kafin kalmomin nan su fito.

Saboda haka, 'yan'uwa, yau in an tashi kada kowa ya yi saurin zuwa ga tukunyarsa. Akwai wanda kuke gaisawa da shi kowane mako, kun san fuskarsa, wataƙila kun san sunansa. Ku ce za ku taka masa. In ya ce kada ku wahala, ku ce ba wahala. Kada ku tsaya a bakin hanya ku juyo kamar yadda muka saba. Ku raka shi har gida, a nan ne za ku san ko yana da gidan.